“You may have to come”: umarni ne, izini ne, ko zaɓi?

“Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta, kuma shugabar sashenmu Baturiya ce. Kwanan nan ta turo min saƙo cewa, ‘You may have to come in on Saturday.’ Na rasa gane ko umarni ta ba ni, ko izini, ko kuwa zaɓi ya rage gare ni. A makaranta an koya mana cewa may izini ne, have to kuma dole ne, to ta yaya izini da dole za su zauna a jimla ɗaya? Sannan me ya hana ta ce ‘you may must come’, tunda must ita ce dole? Don Allah a warware min, domin irin waɗannan jimloli suna yawan zuwa a takardun ofis.”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tambayoyi biyu ka ƙunso: me shugabarka take nufi, da kuma abin da ya hana Turanci jera may da must kusa da juna. Bari in fara da wadda ta shafi aikinka kai tsaye. Ba izini ta ba ka ba, ba ta kuma bar maka zaɓi ba. Da da Hausa ta yi maganar, cewa za ta yi, “Wataƙila fa sai ka shigo ranar Asabar.” Har yanzu ba a tabbatar ko za a buƙace ka ba, amma in buƙatar ta taso, zuwanka ya zama dole. Shakkar da ke cikin jimlar tana kan ko dolen zai taso ko ba zai taso ba, ba ta rage masa ƙarfi ko kaɗan. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe, su ɗauka may ta tausasa have to har ta mayar da ita shawara, sai ranar ta zo a neme su a tarar sun tafi ɗaurin aure.

Aiki biyu na may

Abin da aka koya maka a makaranta gaskiya ne, amma rabi aka ba ka. In malami ya ce wa ɗalibi “You may go”, izini ya ba shi. In kuwa wani ya dubi sama ya ce “It may rain tonight”, ai ba ruwan sama yake ba wa izinin sauka ba, yana dai faɗin abin da yake ganin zai iya faruwa. Kusan duk kalmomin rukunin may, wato mataimakan aikatau irin su must da can, haka suke da fuska biyu. Dubi must. “You must go home” umarni ne. Amma “He must be at home, his car is outside” babu umarni a ciki, hasashe ne mai ƙarfi, kamar ka ce lallai yana gida tunda ga motarsa a ƙofa. Masana nahawu suna raba waɗannan ma'anoni gida biyu: wadda ta shafi iko da izini da wajibci, da wadda ta shafi sanin mai magana, wato iyakar yadda ya tabbata da abin da yake faɗa.

Idan ma'anonin biyu suka haɗu a jimla ɗaya, ta sani ce ke gaba, ta wajibci ta biyo baya. A jimlar shugabarka may ta ɗauki nauyin “ban tabbata ba”, have to ta ɗauki nauyin “dole”. Ba yadda za a yi may ta zama izini a wannan wuri, don ba mai hankalin da zai ce maka “na ba ka izini ya zama dole a kanka”. Saboda haka duk inda ka ga may ko might gaban have to, cire izini daga lissafi.

Tsarin ginin ba shi da wuya. Mai aikatawa, sai may ko might, sai have to, sai aikatau a siffarsa ta asali ba tare da ƙarin komai ba. “She may have to wait.” Ba a cewa “she may has to wait”, ko da mutum ɗaya ake magana a kai, domin duk abin da ya biyo bayan may ba ya karɓar s.

Dalilin da ya sa babu “may must”

Kalmomi tara ne jigon wannan rukuni na mataimakan aikatau da Turawa ke kira modal: can, could, may, might, shall, should, will, would da must. Suna da halaye da suka raba su da sauran aikatau. Ba sa karɓar s, ba za ka ji “he musts” ba. Ba a sa musu to a gaba, babu “to must” ko “to can”. Ba sa karɓar ing ko ed. Kuma in za a yi tambaya da su, ba sa neman taimakon do, sai dai su tsallako gaban mai aikatawa, kamar “Can she swim?”

To ga inda amsarka take. Doka ce cewa duk aikatau da ya biyo bayan ɗayansu sai ya zo a siffar asali, irin wadda ake sa wa to, kamar to go ko to wait. Su kuma waɗannan tara ba su da wannan siffa kwata-kwata. Shi ya sa ɗayansu ba ya iya bin ɗan'uwansa. Gurbi ɗaya jimla ta tanadar musu, in may ta shiga, must ba ta da wurin tsayawa. Amma mutane ba su daina buƙatar faɗin “wataƙila dole” ba, sai harshen ya nemo wakilai daga cikin aikatau na yau da kullum, masu iya sauya siffa yadda aka ga dama. Have to ta wakilci must, be able to ta wakilci can, be allowed to ta wakilci may ta izini. Daga nan aka samu “may have to”, “might be able to”, “will be allowed to”. Wannan dalilin dai shi ne ya sa ake cewa “I had to go yesterday” ba “I musted go” ba, da “I hate having to wait”.

Asalin abin tarihi ne. A tsohon Turanci, shekaru sama da dubu da suka wuce, waɗannan kalmomi sun fi kama da cikakkun aikatau. Might tsohuwar siffar shuɗaɗɗen lokaci ce ta may, could ta can, should ta shall, would ta will. Ita must ma daga siffar shuɗaɗɗen lokaci ta wani tsohon aikatau ta fito, siffarsa ta lokacin yanzu ta ɓace, ta shuɗaɗɗen ta gaje wurin, shi ya sa yau ba ta da wata siffa ta baya da za ta koma. A hankali, musamman zuwa ƙarni na 16, suka zubar da sauran siffofinsu suka zama rukuni na daban. Jamusanci, wanda suke tushe ɗaya da Turanci, bai yi wannan asara ba, har yanzu Bajamushe na iya jera takwarar must bayan wani mataimakin aikatau ba tare da matsala ba.

Ko a Turancin ma dokar ba ta game ko'ina ba. A jihohin kudancin ƙasar Amurka, irin su Alabama da Tennessee, da Sikotland, da arewa maso gabashin Ingila wajen Newcastle, za ka ji ana cewa “I might could do it”. Karin harshensu ne, kamar yadda Basakkwace ke da nasa, ba wanda zai ce bai iya harshen uwarsa ba. Amma daidaitaccen Turanci, wanda ake rubuta wasiƙar ofis da shi, wanda WAEC da NECO da JAMB ke aunawa, bai yarda da shi ba.

Inda Hausa ke jan mu

A ajina na lura cewa ɗalibi Bahaushe ba ya yin wannan kuskure don rashin ƙoƙari, harshensa ne ke yi masa jagora. A Hausa “wataƙila” da “dole” ba aikatau ba ne, don haka ana jera su ba wata ƙa'ida da ta hana: wataƙila dole ka je, mai yiwuwa sai ka biya, ƙila ya zama tilas a sake. In ɗalibi ya ɗauko wannan tsari ya zuba masa Turanci, abu biyu ke fitowa. Ko dai “you may must go”, wanda kuskure ne tsantsa, ko kuma “maybe you must go”. Na biyun bai karya dokar nahawu ba, amma yana yi wa mai harshen nauyi a kunne. Dalili shi ne must yawanci tana ɗauke da ikon mai magana da kansa, ni ne na ce ka yi. Sai ya zama mutum yana ba da umarni yana kuma shakkar umarninsa a numfashi ɗaya. Have to kuwa tana jingina wajibcin ga wani abu na waje, doka ko yanayi ko tsarin aiki, abin da mai magana zai iya rashin tabbas a kansa. In kana son fara jimla da maybe, ce “Maybe you'll have to go”, wannan daidai ne kuma ana faɗinsa kullum. Ka dai kula da rubutu: maybe a haɗe bayanau ce mai ma'anar wataƙila, may be a rabe kuma kalmomi biyu ne, kamar a “He may be late”.

Akwai 'yan'uwan wannan kuskure da suka yi kaka-gida a Turancinmu na Najeriya. “I can be able to come” ɗaya ne, an ninka abu ɗaya sau biyu, domin be able to ita ce can ɗin. Ko dai “I can come”, ko “I'll be able to come”. Sai “you must to come”, inda aka aro to daga have to aka liƙa wa must. Sai “you must have to come” da nufin ƙarfafa umarni. Wannan na ƙarshe yana da ban sha'awa, don jimlar tana nan a daidaitaccen Turanci amma da wata ma'ana. In ka ji an ce “She must have to wake up very early”, must ta hasashe ce, ana nufin lallai da alama sai ta riƙa tashi da asuba, ganin nisan wurin aikinta. Tsari ɗaya ne da “may have to”, sai dai mai maganar ya fi tabbata.

Abin da na ga ya fi yi wa ɗalibai amfani shi ne in hana su fara fassara daga kalmar farko. Nakan ce su fara rubuta dolen shi kaɗai, “you have to pay”, sannan su tambayi kansu ko an tabbata ko ba a tabbata ba, su saka kalmar da ta dace a gaba. Wanda ya saba da wannan, must ba ta ma zuwa masa a irin wannan wuri.

May, might, could, will, would

Littattafan makaranta da yawa suna cewa might ta fi may rauni, wasu malamai har kaso cikin ɗari suke rubutawa a allo. Ni ban cika son wannan ba, don masu harshen ba sa aunawa haka. A mafi yawan lokuta za ka iya cire ɗaya ka sa ɗaya ba abin da ya canza. Bambancin da ya fi fitowa fili na muhalli ne: may ta fi yawa a rubutu, sanarwa da rahoto da takardun ilimi, might ta fi yawa a hira. In akwai ɗan bambancin ƙarfi, might ce ta fi nisa da tabbas, amma kada ka gina shawarar zuwa aiki ko ƙin zuwa a kan wannan.

Could have to ma tana nan, ba kuskure ba ce, sai dai ba ta da yawa. Ka fi ganinta a kanun jaridu idan ana maganar dokar da ba a riga an zartar ba, kamar “Drivers could have to pay more”. A maganar yau da kullum bar ta, might ta wadatar.

Will have to ta fita daga shakka. “You'll have to come in on Saturday” an gama magana, sai ka shirya. Tsakanin wannan da may akwai matakai da ake yi da bayanau: “You'll probably have to come” ta fi kusa da tabbas sosai, haka ma “You may well have to come”, inda well ke ƙara wa yiwuwar nauyi. Would have to kuma ta sharaɗi ce. “If the donors came, you would have to come in” tana nufin da za su zo, da sai ka shigo, amma mai maganar bai ɗauki zuwan nasu abu na kusa ba. Za ka kuma ji ta a bakin ma'aikata lokacin da ba sa son ba da amsa nan take: “I'd have to check with my manager.” Ladabi ne, ma'anarsa ba zan iya yanke maka yanzu ba.

Korewa, inda aka fi faɗawa rami

Nan nake so ka natsu, domin kuskure a nan yana juya magana gaba ɗaya. Must da have to kusan abu ɗaya suke nufi, amma da zarar an kore su, wato an sa musu not, sai su rabu. Mustn't hani ne. Don't have to ɗauke wajibci ne. Misalin da ɗalibaina ba sa mantawa daga fiƙihu yake. Matafiyi a watan Ramadan an yi masa rangwame, ba dole ya yi azumi ba, amma in ya yi ba a hana shi ba: “He doesn't have to fast.” Ranar Idi kuwa azumi haramun ne: “He mustn't fast.” Duk wanda ya san bambancin rangwame da haramci ya riga ya san bambancin waɗannan jimloli biyu.

To idan aka sa shakka a kai fa? “You may not have to come” ko “You might not have to come” suna bin layin rangwame: wataƙila ba sai ka zo ba. Labari ne mai daɗi, amma shi ma bai tabbata ba. Haɗarin shi ne may not ita kaɗai, gaban aikatau na yau da kullum, takan zama hani mai ƙarfi, musamman a rubutacciyar doka. “Candidates may not leave the hall” na nufin ba a yarda su fita ba. Wanda ya saba da wannan, in ya ga “You may not have to pay” sai ya ɗauka an hana shi biya. A'a. Da zarar have to ta biyo baya, may ta koma ta yiwuwa, not kuma wajibcin take korewa.

Idan abin da kake son faɗa shi ne wataƙila a hana, wato haramcin da bai tabbata ba, hanyar daban ce. Ce “You may not be allowed to enter”, ko ka nemi aikatau mai ɗauke da ma'anar bari, kamar yadda likita zai ce “You might have to stop taking sugar” ko “You may have to avoid salt”. Jimla irin “you might have to not go” ana iya jinta a hira, amma ba ta da kyan gani a rubutu. Game da gajartawa, mightn't tana nan a bakin wasu 'yan Ingila, mayn't kuwa ta kusa mutuwa, kada ka wahalar da kanka da ita.

Jimloli uku masu kama da juna

“She might have to travel.” “She might have travelled.” “She might have had to travel.” Ka karanta su a hankali, don masu shirya jarrabawa suna son wannan tarko, musamman a sashen da ake ba da jimla a ce ka zaɓi fassarar da ta fi dacewa. Ta farko: wataƙila sai ta yi tafiya, abin yana gaba. Ta biyu: wataƙila ta riga ta yi tafiya, babu dole a ciki ko kaɗan, hasashe ne kan abin da ya wuce. Ta uku ta haɗa duka: wataƙila tafiya ce ta kama ta dole, shi ya sa ba mu gan ta ba. Abin dubawa shi ne kalmar da ta biyo bayan have. In to ce, wajibci ne. In aikatau ne a siffarsa ta uku, irin gone ko travelled ko written, have ɗin ta lokaci ce kawai. A jimla ta uku have biyu ne, ta farko ta lokaci, ta biyu da ta zama had to ita ce ta wajibci.

Kunne ma yana taimakawa. Masu harshen suna furta have to kamar “hafta”, da f, has to kuma da s a maimakon z. Have ta lokaci kuwa takan shanye har ta koma kamar “ov”, shi ya sa za ka ga Turawa da kansu suna rubuta “might of gone” a Facebook. Kuskure ne ko daga wa ya fito.

In za ka ba da labarin abin da shugabarka ta ce bayan lokacin ya wuce, may takan koma might: “She said I might have to come in.” Might kuwa ba ta canzawa. Wajen tambaya, ba a cewa “May I have to come?” Shi “Might I have to come?” daidai ne amma ya yi tsufa, kamar maganar mutanen da. Abin da ake faɗa shi ne “Will I have to come?” ko “Do you think I'll have to come?” Sai kuma have got to, wadda 'yan Ingila ke yawan amfani da ita a hira: tana aiki ita kaɗai, “I've got to go”, amma ba ta bin may ko might ko will da wannan ma'ana.

Takardun ofis da na hukuma

Ka ce irin waɗannan jimloli na yawan zuwa a takardu, kuma da dalili. A rubutun hukuma have to takan sauya riga ta zama be required to, be asked to ko be obliged to. A takardun neman biza za ka ga irin “You may be required to attend an interview”. A bayanin tafiya za ka ga an ce ana iya neman ka nuna katin rigakafin cutar shawara. A takardar ɗaukar aiki akan sa cewa ma'aikaci “may be required to work outside normal hours”, kuma ina ba ka shawara ka duba taka, mai yiwuwa ne irin wannan layin yana ciki. Hukuma na rubuta haka ne don ba kowa za ta nema ba, amma tana riƙe da ikon neman kowa. Daga ɓangarenka yiwuwa ce, daga ɓangarensu dama ce da suka ajiye wa kansu. Wanda ya karanta may a nan ya ce ai ba dole ba ne, ya tafi filin jirgi ba katin, shi zai sha wahala in jami'in ya tambaya.

A harshen doka rabon aikin ya fi tsauri. Shall ita ce ta wajibci, may ta ba da iko ko zaɓi. Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 cike yake da shall, kamar sashe na 14 da ya ce tsaro da walwalar jama'a “shall be the primary purpose of government”. Wannan shall ba ta lokaci mai zuwa ba ce. Amma kada ka ɗauko ta ka kai hirar ofis, za a ɗauka kana karanta hukuncin kotu.

Need to kuma 'yar'uwar have to ce mai sauƙin hali. “You might need to bring your ID card” tana nuna buƙata ce daga yanayin, ba wani ne ya ɗora maka ba. Ita ma must ɗin kanta amfani da ita wajen ba da umarni ya ragu sosai, binciken da aka yi ta hanyar kwatanta rubuce-rubucen Ingila da Amurka na farkon shekarun 1960 da na farkon shekarun 1990 ya nuna ta ja baya, need to kuma ta yi gaba. Mu nan har yanzu muna yawan cewa “you must” ga abokin aiki, ba da wata manufa ba, amma a kunnen Bature tana da kaushi. In za ka rubuta wa wanda kuke daidai ko na sama da kai, need to ko have to sun fi aminci.

Abin da nahawu ba zai yanke maka ba

Duk bayanin da na yi na ma'anar jimlar ne a kan takarda. Akwai wani abu kuma na al'ada. Turawa, musamman 'yan Ingila, suna da ɗabi'ar lulluɓe umarni da mayafin shakka don kada su zama kamar suna tsawa. Shugaba zai duba rahotonka ya ce “You might have to redo this section”, alhali a ransa ya gama yanke hukunci sai an sake. “You might want to check the figures” ma haka take, a zahiri shawara, a aikace ka je ka gyara, akwai kuskure. Haka in ka ji “I'm afraid we may have to cancel”, yawanci an riga an soke, ana dai shimfiɗa maka tabarma ne kafin labarin ya iso. Mu ma muna da irin wannan. In babba ya ce maka “da ka ɗan leƙo gobe”, ka san ba zaɓi ya ba ka ba.

Don haka jimlar shugabarka na iya zama ɗayan biyu: ko da gaske tana jiran wani abu ya tabbata, ko kuma ta riga ta san za ta neme ka tana dai yi maka ladabi. Jimla ɗaya a rubuce ba ta isa ta raba waɗannan ba, sai an haɗa da abin da ke kewaye da ita da kuma halin mai maganar, wanda kai ka fi ni sani. In ta haɗa da sharaɗi, kamar “if the report isn't ready”, shakkar ta gaske ce kuma ka san abin da za ka sa wa ido. In ta fara da “I'm afraid” ko “Sorry, but”, ka ɗauka Asabar ɗinka ta tafi. A kowane hali, abin da ba za ka yi ba shi ne ka yi shiru ka ɗauka an bar maka zaɓi.

Mayar mata da amsa gajera: “Noted. I'll keep Saturday free. When will you know for sure?” Ka nuna ka fahimta, ka kuma nemi lokacin da za a tabbatar. In kana da uzuri a ranar, yanzu ne lokacin faɗinsa, tun dolen bai sauka ba: “I have a family commitment on Saturday morning. If I'm needed, could I come in the afternoon?” In ta amsa da “You'll have to be in by nine” ko “I'll need you there”, an tabbatar. In ta ce “You won't have to come after all” ko “No need to come in”, an ɗauke maka. In kuma ta ce “It's up to you” ko “You can come in if you like”, sai a lokacin ne zaɓi ya dawo hannunka.